Takin kara da buntu, ko kamfa da yuriya: wanne ya fi wa kokwamba?

Tambaya: Ina noman rani a wajajen Bunkure, gonata mai rairayi ce. Bana ina so in yi kokwamba a rabin hekta, amma kuɗin taki ya fi ƙarfina. Ina da karan masara da ciyawar shinkafa, buntu kuma sai dai in je in ɗebo a injin casa. Bara na zuba buntu a wani gefen gonar na yi shuka a kai, sai ganye ya yi ɗorawa, tsiro ya ƙi tashi. Shin takin da ake yi da ragowar amfanin gona zai iya tsaya mini a madadin kamfa da yuriya?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a kwashe da alheri. A ƙasa mai rairayi irin taka, kuma a kakar farko, takin kara da buntu shi kaɗai ba zai ba ka kokwambar da kamfa da yuriya za su ba ka ba. Amma kamfa da yuriya su kaɗai ma da asara a cikinsu, domin wani kaso na abin da ka saya ruwa ne zai gangara da shi ƙasa da inda saiwa take. Shawarar da nake ba manoma, kuma nake tsaye a kanta, ita ce ka ruɓar da ragowar gonarka har ta zama taki na sosai, ka sa shi kafin shuka, sannan ka rage takin buhu ka riƙa ba da shi kaɗan-kaɗan. In ka yi haka, buhu biyar zai iya komawa uku a rabin hektarka, kuma shukar ta samu abincin da take nema.

Sai an san halin kokwamba ake sanin takin da ya dace da ita. Shuka ce mai gaggawa. Yawancin irin da ake sayarwa yanzu yana fara huda da cikar wata guda ko da 'yan kwanaki a kai, a fara tsinka tsakanin kwana 40 zuwa 50, kafin wata uku kuma an tashi daga gonar. Rogo da dawa suna da watannin jiran taki ya narke, ita ba ta da su. Daga sati na uku da ta fara yaɗo har zuwa tsinkar ƙarshe kullum a cikin neman abinci take, kuma satin da ta rasa ba ta rama shi. Ga shi saiwarta ba ta nitso, mafi yawanta a santimita 30 na sama take, wato ko kamu guda ba ta kai ba. Ɗan kokwamba kuwa kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne, don haka ban ruwa ba ya yankewa. Ka ga an haɗu da abu uku: shuka mai sauri, saiwa a sama, ruwa a kai a kai. Takin da ya yi jinkiri ba zai riske ta ba, wanda ya narke gaba ɗaya a rana guda kuma ruwa zai kwashe shi.

Yanzu mu buɗe buhu mu ga abin da ke ciki. Kamfa mai lamba 15:15:15, buhun kilo 50, yana ɗauke da kilo 7.5 na naitirojin, kilo 7.5 na fosfet, kilo 7.5 na fotash, wato manyan sinadarai uku da shuka ke ci. Mai lamba 20:10:10 yana da kilo 10 na naitirojin, sauran biyun kilo biyar-biyar. Yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, wato kilo 23 a buhu, ba ta da komai bayan shi. Kokwambar fili tana bukatar abin da ya kama daga kilo 80 zuwa 120 na naitirojin a hekta, gwargwadon iri da ƙarfin ƙasa. A rabin hektarka mu ce kilo 50 da 'yan kai. Buhu huɗu na 15:15:15 da buhu ɗaya na yuriya sun ba ka kilo 53, kuma da zarar ruwa ya taɓa su sun fara aiki. Wannan shi ne ƙarfin takin zamani: ka san abin da ka zuba, ka san ranar da zai fara aiki, kana iya ɗauko shi a bayan babur.

Takin da aka ruɓar daga kara da kashin dabbobi kuma, in ya yi kyau, naitirojin da ke cikinsa kashi 1 zuwa 2 ne cikin 100 na busasshen nauyinsa. Mu ɗauki 1.5. Tan biyar ya ba ka kilo 75 ke nan, a takarda ya ma fi buhu biyar ɗin can. Sai dai wannan naitirojin a ɗaure yake a jikin ruɓaɓɓen abu, a hankali yake kwancewa. Abin da ke fitowa a kakar farko ba ya cika wuce kashi ɗaya cikin biyar, wato wajen kilo 15, sauran sai a kakanni masu zuwa. In da za ka ce da shi kaɗai za ka cike kilo 50 ɗin nan, sai ka nemi sama da tan 15 a rabin hekta. Kuma kara in ya ruɓe yana zabgewa zuwa rabi ko ƙasa da haka, ga shi hekta guda ta masara da ƙyar take ba da tan huɗu ko biyar na kara. Lissafin ba ya fita. Shi ya sa duk wanda ya ce maka ka jefar da takin buhu gaba ɗaya daga bana, a ƙasa mai rairayi da ta gaji, bai yi maka adalci ba.

Abin da ya same ka bara kuwa ina so ka fahimce shi sosai, domin shi ne ramin da masu niyyar kirki suka fi faɗawa. Ba buntun ne ke da guba ba. A cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne masu ruɓar da duk abin da aka binne. Kabon da ke jikin kara shi ne abincinsu, amma ba sa iya cin sa sai sun samu naitirojin da za su gina jikinsu da shi. Abin da ya yi musu daidai shi ne kashi 25 zuwa 30 na kabon a kan kashi 1 na naitirojin. Karan masara yana wajen 60 a kan 1, ciyawar shinkafa tana nan ko sama da haka, buntu yakan doshi 80 zuwa 100, garin katako kuwa ɗaruruwa ne. To da ka binne buntu ka ba shi ruwa, sai waɗannan halittu suka tashi da yawa, suka duba ba su samu naitirojin a buntun ba, suka juya kan ɗan wanda ke cikin ƙasarka suka kwashe. Sun fi saiwar ƙaramin tsiro yawa, sun fi ta sauri. Shi ne ka ga ganyen ƙasa, tsofaffin, sun fara yin ɗorawa bai ɗaya, daga nan abin ya hau sama, kara ya sirance, yaɗo ya tsaya. Naitirojin ɗin bai ɓace ba, yana dawowa ƙasa bayan makonni ko watanni in aikin ruɓar ya lafa. Amma kafin nan lokacin kokwamba ya wuce. Gonar da aka binne wa buntu bara sau da yawa bana ne za ta fara nuna kyau.

To me zai hana mutum ya haƙura da wahalar tara kara, ya tsaya ga buhu kawai? Ƙasarmu ce ta hana. A mafi yawan gonakin jigawa na ƙasar Hausa, kabon na ruɓaɓɓen abu bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ɗan yumɓun da ke ciki kuma irin wanda ba ya riƙe sinadari sosai ne. Zuba yuriya da yawa a lokaci guda a irin wannan ƙasa, ana ban ruwa bayan kwana biyu ko uku, kamar ɗiban ruwa ne a kwando. Ruɓaɓɓen taki shi ne ke toshe wannan kafa: yana riƙe ruwa, yana kama fotash da kalsiyam da sauransu ya ajiye su kusa da saiwa, yana sa ƙasa ta yi laushi iska ta ratsa ta. Yana kuma kawo ƙananan sinadarai irin su zink da boron da salfa, waɗanda kamfa na yau da kullum ba ya ɗauke da su.

Wannan ba zancen baki ba ne, an daɗe ana gwada shi a ƙasarmu. A Samaru ta Zariya akwai filin gwaji da aka fara tun 1950, inda aka yi shekara da shekaru ana ba wasu filaye kashin shanu, wasu takin zamani, wasu a haɗa musu biyun, wasu a bar su haka. Filayen da aka daɗe ana ba su takin naitirojin kaɗai ƙasarsu ta yi tsami ta rage ƙarfi, waɗanda aka haɗa musu kuwa su suka fi riƙe lafiyarsu. A Sadore, kudu da Yamai, cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta yi irin wannan gwaji da gero tun shekarun 1980, ta ga cewa mayar da kara gona tare da takin zamani ya fi kowannensu shi kaɗai nesa ba kusa ba. Gwaje-gwajen nan a kan hatsi da auduga da gyaɗa aka yi su, amma abin da suka nuna halin ƙasa ne, kuma kokwamba ta fi gero saurin nuna ɓacin ranta ga ƙasa mara kyau. Iyayenmu na kewayen Kano ma da suka riƙa ɗora mangalar taki da tokar gari a kan jakuna zuwa gona, da haka suka noma fili ɗaya shekara bayan shekara ba tare da sun bar shi ya huta ba.

Akwai wuri ɗaya da ragowar gona ta yi wa buhu fintinkau, kuma ba a cika faɗa ba, wato fotash. Kokwamba in ta fara 'ya'ya tana shan fotash fiye da naitirojin. Shinkafa da masara kuwa mafi yawan fotash ɗin da suka zuƙa daga ƙasa a jikin kara da ciyawa yake zama, kaɗan ne ke tafiya cikin ƙwaya. Kuma shi ba a ɗaure yake kamar naitirojin ba, yana fita da wuri. Tan biyar na taki mai kyau zai iya ba ka fotash da ya kai na buhu shida na 15:15:15 ko kusa da haka. Wanda yake amfani da 20:10:10, wanda tun asali masara ya fi dacewa da ita, yana ƙara yuriya a kai, shi ne ya fi shiga matsalar ƙarancin fotash: ganye kore shar, yaɗo ya cika gona, amma 'ya'ya ba su cika ba. Ka koyi karanta ɗan kokwamba. In ka ga ya sirance ta wajen hannun da ya riƙe shi ya kumbura ta ƙarshe, gefen tsofaffin ganye kuma ya ƙone kamar an bi shi da wuta, ka zargi ƙarancin fotash. In ya yi fari-fari ya tsuke ta ƙarshen da fure yake, naitirojin ne ya yi kaɗan. In kuwa ya lanƙwashe alhali ganye lafiya lau, ka duba ban ruwa da zuma, wataƙila feshin da kake yi da safe ne yake korar masu kai barbara.

Ba duk ragowar gona ce ɗaya ba. Harawar wake da ta gyaɗa su suka fi naitirojin, kuma suna ruɓa da sauri, amma ba zan ce ka zuba harawa a rami ba, kuɗi ce a kasuwa, abinci ce ga dabba. Ka ba tumaki da awaki, ka kwashe kashinsu da tattakar da ke ƙarƙashinsu, wannan ya fi. Karan masara da ciyawar shinkafa su ne gangar jikin takinka. Totuwar masara da ɓawon gyaɗa suna daɗewa ba su ruɓe ba, sai an farfasa su. Buntu ya fi kowa taurin kai saboda silika, wato sinadarin yashi, da ke jikinsa, yana iya shekara a ƙasa ana ganin sa. Amma silikar nan tana da amfani ga kokwamba, domin tana cikin shuke-shuken da ke zuƙar ta, kuma an tabbatar tana rage farar cutar nan da ke bin ganye kamar an barbaɗa toka. Hanya biyu ce ta cin moriyar buntu. Ko dai ka shimfiɗa shi a ƙarƙashin kaji ya sha kashinsu, sannan ka kai shi rami, ko ka mayar da shi gawayi kamar yadda manoman Japan da Filifin suke yi: a huhhuda tsohuwar garwa a sa mata bututun hayaƙi, a hura wuta a ciki, a tara buntu a kewaye yana ci a hankali, da ya yi baƙi duka a kashe da ruwa kafin ya zama toka. Wannan gawayin ba ya satar naitirojin kamar ɗanyen buntu, kuma yana taimaka wa rairayi wajen riƙe ruwa.

Ƙona kara a gona kuwa ina roƙonka ka bari. Fotash da kalsiyam suna saura a toka, amma naitirojin kusan duka da mafi yawan salfa a hayaƙi suke tafiya, tare da kabon ɗin da ƙasarka ta fi bukata. Tokar murhu tana da amfani in an barbaɗa kaɗan, amma kada ka gauraya ta da yuriya ko kashin kaji, tana sa naitirojin ya tashi ya bi iska. In kana samun tunkuzar 'ya'yan darbejiya, ka riƙe ta da kyau: tana da naitirojin fiye da kara, tana rage tsutsar nan da ke sa saiwar kokwamba ta yi ƙulle-ƙulle, tana kuma sa yuriya ta daɗe a ƙasa. Indiya tun 2015 ta wajabta shafa wa yuriyar da ake yi a ƙasarta man darbejiya. Abu ɗaya da ba zan so ka sa a ramin da za ka ba kokwamba ba shi ne tsohon yaɗon kokwamba da kankana da kabewa, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya.

Ga yadda za ka haɗa shi. Tunda da rani za ka yi, iskar hunturu kuma tana busar da tsibi, rami ya fi, a inuwa, kusa da ruwa, zurfinsa kamar mita ɗaya, faɗi mita ɗaya da rabi, tsawo gwargwadon kayanka. Ka sassare kara da adda, kada guntu ya wuce tsawon tafin hannu, ka jiƙa shi. Ka shimfiɗa kara da ciyawa kaurin taƙi guda, ka bi da kashin dabbobi ko na kaji kaurin yatsa huɗu, in akwai ɗanyen ganye ka ƙara, ka watsa 'yar ƙasar gona, ka yayyafa ruwa, ka sake komawa kara. Kaso uku busasshen kaya, kaso ɗaya kashin dabbobi. Buntu kada ya wuce ɗan kaɗan a kowane hawa. Ruwan da ya isa shi ne in ka damƙi kayan ka matse, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito ta tsakanin yatsunka. Ka rufe da tsohon buhu ko zana, ka soka sanda har tsakiya ka bar ta. Bayan kwana uku ko huɗu ka zaro ta ka taɓa. In ta fito da zafi da danshi, har kana jin ba za ka iya daɗewa riƙe da ita ba, aiki na tafiya. Cikin ramin ya kai digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe ƙwayar ciyawa da yawancin cututtuka. In ta fito a bushe da fari-fari a jikinta, ƙara ruwa. In ramin yana zarni, kashi ya yi yawa, ƙara kara. In yana ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa, juya shi ya sha iska. Ana juyawa duk bayan sati biyu, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata biyu zuwa uku zai huce, ya yi baƙi-baƙi, ya riƙa marmashewa a hannu, yana ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari. In ka ga gwazarma a ciki ka tsince ka ba kaji. Kafin ka kai gona, ka cika gwangwani da rabin taki rabin ƙasa ka shuka ƙwaya goma. In sun fito kore suka miƙe, ya nuna. In sun ƙi fita ko sun yi ɗorawa, ka ƙara masa sati biyu.

Wasu sukan watsa yuriya a ramin a madadin kashi. Yana aiki, amma tan guda na kara yana cin kilo 10 zuwa 15, in ka lissafa sai ka ga buhun da kake gudun saye ya tafi a rami. Gara ka nemi kashin kaji ko na awaki. Kashin kaji busasshe yana da naitirojin kashi 2 zuwa 4 cikin 100, kuma kusan rabinsa yana fita a kakar farko, shi ne takin gida ɗaya da ya kusa kamo buhu a sauri.

Amma kada ka yarda ka kai ɗanyen kashi gonar kokwamba. Yana ƙona saiwa, yana da gishiri, ita kuwa kokwamba ba ta jure gishiri. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ɗanya ake cin ta, sau da yawa da ɓawonta, yara da manya, a salak da wajen mai tsire. Ɗanyen kashi yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. A Amurka dokar noma da takin gargajiya ta ce sai an samu kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashi da girbin duk abin da yake taɓa ƙasa. Rayuwar kokwamba gaba ɗaya ba ta kai haka ba. Haƙƙin wanda zai saya ne a kanka.

A gonar kuma ga tsarin da zan ba ka. In ka yi tazarar mita ɗaya tsakanin kunya da kunya, rabin mita tsakanin rami da rami, za ka samu rami 10,000 a rabin hekta. Sati ɗaya ko biyu kafin shuka ka zuba wa kowane rami taki cikin gwangwanin lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ka cakuɗa da ƙasa, ka ba da ruwa. Kada ka watsa shi ko'ina a gona, a rami ya fi auki. Bayan fitowa da kamar kwana goma ka ba da kamfa 15:15:15 buhu biyu, wato giram 10 ga kowane rami, kusan murfin gorar lemo biyu. Ka yi ɗan rami da tsinke nesa da gindi kamar faɗin tafin hannu, ka zuba, ka rufe. Yuriya buhu ɗaya ka raba shi biyu: rabi in ta fara yaɗo, rabi in an fara tsinka, kowane karo kamar rabin murfi ga rami. Ita ma binne ta ake yi a ƙasa mai danshi. Wanda ya watsa ta a sama cikin rana ya ba iska wani kaso na kuɗinsa, in ta faɗa kan ganye kuma ta ƙona shi. Da wannan ka samu kilo 15 daga kamfa, 23 daga yuriya, wajen 15 daga takinka, ka koma kilo 53 ɗin nan, ga fotash a wadace. In takin da ka samu bai wuce tan biyu ba, ka raba shi ga ramukan duka ka ɗaga kamfa zuwa buhu uku. In ka ci gaba da sa taki kowace kaka, ragowar na bara yana haɗuwa da na bana, a kaka ta uku za ka iya sake rage kamfa, kana duban launin ganye.

Na san abin da ya kawo tambayar kuɗi ne. A 2017, ƙarƙashin shirin takin gwamnatin tarayya da aka ƙulla da Maroko, buhun 20:10:10 naira 5,500 aka sa masa, yau ya ninka sau da yawa. Ana yin yuriya a gida, a kamfanin Indorama na wajen Fatakwal da na Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022, amma farashinta yana bin kasuwar duniya da dala, fosfet da fotash kuwa daga waje ake kawo su. Takin gida shi ma ba kyauta ba ne, akwai kuɗin ɗauka, da na sara, da na juyawa, da ruwa. In sai ka yi hayar mota daga nesa, ka zauna ka lissafa. Amma kai da kara yake gonarka, injin casa yake kusa da kai, ribar tana wajenka, kuma abin da ka zuba bana shuka mai zuwa ma za ta ci.

Za ka ji ana cewa kokwambar takin zamani ce ke ɗaci, ta takin gida ce ke daɗi. Saiwa ba ta bambanta naitirojin da ya fito daga buhu da wanda ya fito daga rami. Ɗaci daga iri yake zuwa, da ƙishirwa, da tsananin zafi. Gaskiyar da ke cikin zancen ita ce ƙasa mai taki ba ta saurin bushewa tsakanin ban ruwa da ban ruwa, shukar ba ta shan wuya. Kuma yuriya in ta yi yawa 'ya'ya sukan yi taushi su yi saurin yaushi, abin da dillalin kasuwar 'Yankaba ta Kano yake ganewa da ya taɓa. Ina so ka ware kunya shida a gefe, biyu taki kaɗai, biyu buhu kaɗai, biyu haɗe, ka riƙa auna abin da ka tsinka daga kowanne. Gonarka za ta gaya maka adadin da ya dace da ita fiye da yadda ni zan iya daga nesa.

In kuwa shukar ta matso, babu wata biyun da rami yake bukata, to kada ka binne komai ɗanye. Ka nemi tsohon takin garke da ya shekara ko ya daɗe a tsibi ya huce, ka sa a ramuka ko kaɗan ne, ka ba da kamfa buhu uku zuwa huɗu da yuriya ɗaya yadda na faɗa. Ciyawar shinkafarka ka shimfiɗa ta a saman kunya bayan tsiro ya yi ganye uku ko huɗu, ka bar ɗan fili a kewayen gindi. A sama ba ta satar abincin shuka kamar in an binne ta, tana riƙe danshi, tana danne ciyawa, tana hana 'ya'ya kwanciya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai dai ka riƙa ɗagawa kana duba gara. Karan masara da buntun kuma ka haɗa raminsu tun wannan satin, domin su nuna kafin shuka ta gaba.